Zambon da Kawu Ya Roƙa

Shekaranjiya ina wanke-wanke, wata ƙwarya ta kife a kan ruwan baho, ludayi ya faɗo mata a baya. Ƙarar ba ta taka kara ta karya ba, amma sai da na tsaya da kumfa a hannu. Wanda ya tashi a gidan zabiya ba ya jin wannan ƙara ya wuce.

Kakata ta wajen uwa zabiya ce a Talata Mafara. Da an gama girbi, an kai shinkafar Bakolori gida, sai bukukuwa su ɓarke, daga Mafara har Bakura da Morai ba ta zama. Ina tuna ƙanshin lalle da turaren wuta, da ruwan da ke fantsamo mana a ƙafa idan 'yan amshinta suna dukan ƙwarya. Aikinta shi ne ta kira sunan mutum, ta kira na ubansa, ta lissafo gonakinsa da dabbobinsa, har sai matarsa ta miƙe tsakiyar fili tana rangaji. A lokacin, kar ka ga yadda mutane ke son a ambace su. Wanda aka tsallake kuwa ya kwana da haushi. Ta iya zambo ma, mai ciwo ƙwarai, kuma marowata sun san haka. Doka ɗaya gare ta a kansa: ba a yi wa jini zambo.

Yayata, babbar ɗakinmu, ita ta gaji muryar, amma ba ta gaji zama wuri ɗaya ba. Ta fara da waƙoƙin Islamiyya, ta koma amshi bayan kaka, sai kuma kunnenta ya tafi ga kiɗan fiyano na finafinai, da gambarar samarin birni masu magana da sauri kamar ana korarsu. Waƙoƙinta ita ke tsara abinta, tana tankaɗe tana gunguni. Kaka takan taɓe baki ta ce wai yarinya na son na'ura ta yi mata amshi, sai ka ce mutane sun ƙare. Babanmu ba ya so, ba ya kuma hanawa. Wanda ya tsaya mata shi ne kawu, wan innarmu, ɗan kaka na fari, manomi a wani ɗan ƙauye kusa da Faru. Shi ya ɗauki nauyin zuwanta situdiyo a Gusau.

Waƙar da ta dawo da ita, ba mu taɓa jin irinta ba. Ga ƙwarya tana tafiya a ƙasa, ga fiyano a sama, ga muryar yaya tsakani. Kuma ta bi tsarin gidanmu, ta yabi waɗanda suka kyauta mata. Ta ambaci wani mai injin casa na Janbako, ta ambaci wasu, amma baitin kawu ya fi kowane tsawo: fararen shanunsa, rumbunansa da ba a ganin gindinsu, sabon babur ɗinsa. Ranar Talata samarin da ke tura waƙa a waya cikin kasuwa suka yi ta tura ta, kafin wata ya zagayo ta kai kowane ƙauye. Kawu ya sa aka mayar masa da ita ƙarar kira. Idan an kira shi ba ya ɗauka sai waƙar ta kai kan shanunsa, ko da mai kiran yana kan gargara ne.

Daminar da ta biyo baya ce abubuwa suka fara canjawa. Dawa ta yi tsawo har ta rufe hanyoyin ƙafa, kuma aka fara ganin babura suna wucewa a jere, ba sa amsa sallama. Manya suka daina kiran abin da sunansa, sai dai su ce mutanen daji, su ma a hankali. Mata masu kawo nono suka ragu a kasuwa. Mu yara ba a gaya mana komai, amma mun lura ana kiran mu gida tun la'asar ba ta yi sanyi ba.

Sai aka ɗauke mai injin casa. Ya daɗe a hannunsu, danginsa suka sayar da abin da za su iya, ya dawo ƙashi da rai. Abin da ya faɗa wa masu zuwa jaje shi ne ya hana gidanmu sukuni. Ya ce duk lokacin da ya rantse musu ba shi da komai, sai ɗayansu ya ciro waya ya kunna masa baitinsa. Ya ce suna son waƙar ƙwarai, kuma ba baitinsa kaɗai suke maimaitawa ba.

Kawu ya zo Mafara da hantsi, ba a kan babur ɗinsa ba. Ya gaida kaka, gaisuwa mai tsawo kamar kullum, ya tambayi gida da gajiya da ruwa. Aka kawo masa fura bai taɓa ba. Sannan ya dubi yaya.

"Ɗiyata, waƙag ga da kinka yi mani, so nike ki hidda ni ciki."

Yaya ta sunkuyar da kai. "Kawu, ko na hidda ka, tana cikin wayar kowa. Ba ta kiruwa."

Kaka ta ce, "Mu da, in anka zubda ruwan ƙwarya, waƙa ta ƙare nan inda anka yi ta."

Na zaci maganar ta mutu ke nan. Ashe tun daga Faru ya taho da shawararsa. Ya ce, "To ki yi mani zambo. Ki ce shanun na mutane na, kiwo anka ba ni. Ki ce rumbu ba komi ciki. Ki yi shi da daɗi, ya hi na hwarko, har su can su ji."

Ban taɓa ganin fuskar kaka kamar ranar ba. Ta ce, "Ɗan da ni haihwa? Ba da ƙwaryata ba." Ta tashi ta shige ɗaki, ta saki labule.

Tunda an hana ta ƙwarya, fiyanon soyayya kuma ba ya ɗaukar zagi, sai yaya ta juya ga gambara, wadda a lokacin ba mu san wata mace a wajenmu tana yi ba. Ni aka tafi da ni Gusau don amshi. Ɗakin situdiyon ƙarami ne, an manne bangonsa da soso, yana warin zufa. Ta tsaya gaban abin magana ta yi ta zubo kalmomi da sauri, da fushi, ta mayar da kawu mai rumbun iska, mai rigar aro, mai tutiya da shanun da ko jelarsu ba tasa ba ce. Mai haɗa kiɗan yana dariya har da riƙe ciki, yana cewa wannan za ta ci kasuwa. Yaya kuwa, har muka dawo Mafara ba ta ci abinci ba.

Ta ci kasuwar kuwa, fiye da ta farko nesa. Yara suka riƙa bin kawu ranar kasuwa suna rera masa mai rumbun iska. Dattawa suka ce yaya butulu ce, ta ci amanar wanda ya ɗaga ta, har wasu mata suka daina gaida innarmu. Ba mu da bakin kare ta, don ranar da gaskiya ta fita, ranar zambon ya tashi a banza. Kawu kuma ya shiga sayar da shanunsa kaɗan-kaɗan a kasuwanni masu nisa, don idan an zo dubawa a tarar waƙar ba ta yi ƙarya ba. Na ji tausayinsa, na kuma ji haushin kowa, har da kaka, wadda ba ta ƙara kife ƙwarya a kan ruwa ba har ta rasu.

Mutanen dajin sun zo ɗin. Matar kawu ce ta ba mu labari. Da rana tsaka suka shigo, suka kora dabbobin maƙwabta, suka tafi da mutum daga gidan da ke jingine da nasu. Ɗaya ya tsayar da babur a ƙofar gidan kawu, bindiga a kafaɗa, ya leƙa ya gan shi zaune a kan buzu. Sai ya rera masa amshin nan nawa na mai rumbun iska, ya yi dariya, ya ja babur ya bi 'yan'uwansa. Ta ce kawu bai motsa daga buzun ba har aka kira magariba.

Yau yaya tana Kaduna, an san ta. Tana waƙa da jita, tana yi da mawaƙan kudu, da azumi ta yi bege, wani lokaci ta dawo da ƙwarya cikin kiɗanta. Ka saurare ta da kyau, ba za ka ji ta kira sunan kowa ba. A bukukuwan Mafara ma yanzu, mace kan matso kusa da zabiya ta raɗa mata cewa don Allah ta tsallake mijinta. Wannan ne abin da na kasa sabawa da shi.

Kawu ya tsufa, yana nan ƙauyensa, ya ƙi barin gonar ubansa. Yaran da suka bi shi da waƙa sun zama magidanta, kuma da yawansu sun ɗauka can asali haka yake. Da sallar da ta wuce muka je gaishe shi, yaya ta durƙusa ta ce tana son ta yi wata waƙar, ta wanke shi, ta faɗi wanda ya kai ta Gusau. Ya ce ba yanzu ba. Ta ce to ko bayan ransa, ya yarda mata ta faɗi gaskiya. Ya dubi bakin zaure, inda jikokinsa ke wasa da ƙasa, ya rage murya.

"Ko na mutu kak ki yi. Ɗiyana na nan cikin gidan."