Azumin da Baba Rabaran Bai Yi Ba

Har gobe ba zan manta da ranar da kwanon Baba Rabaran ya dawo mini a cike ba. Lokacin ina shugabar kicin a wata makarantar Baibul a bayan garin Kafanchan. Ku da kuka zo daga baya, ga yadda tsarin yake: Laraba mataimakiyata ke kula da tukunyar ɗalibai, ni kuma ta Baba Rabaran, shugaban makarantar, tunda matarsa ta rasu.

Gwaten acca na yi masa, da yakuwa da gauta, wanda ya saba cinyewa har ya kankare kwano. Kwanon ya dawo, cokali ɗaya aka taɓa. Na ɗanɗana, gishiri daidai. Washegari na yi sakwara, ta dawo. Tuwo da miyar karkashi ma haka. Na shiga sito na sha kuka.

Laraba ta ce, "Mama, ki tambaye shi mana."

Na ce, "In tambayi bawan Allah don me bai ci ba? Ina ladabinki?"

Sai wahayi ya zo mini, ba daga sama ba, daga kaina: azumi yake yi a ɓoye! Ga shi in zai tashi yakan dafe kwiɓi yana yamutsa fuska, na ce nauyin addu'a ne. Na ɗauke har butar ruwan da ke ofishinsa, kada mu zama masu jaraba. Ni ma na shiga azumin taya shi, na kuma raɗa wa shugabar zumuntar mata, wato dai gari duka ya ji.

Ran Lahadi yana tsakiyar wa'azi sai ya durƙusa, ya riƙe kwiɓi, gumi na zuba. Ni ce na fara ɗaga hannu na ce, "Halleluya!" Wata nas da ke cikin mawaƙa ta ture ni, ta ce a kawo mota.

A asibiti aka yi masa hoto. Likita ya ce tsakuwa ce a ƙodarsa, ita ke tayar masa da zuciya ta hana shi son abinci, rashin shan ruwa kuma ya ƙara dagula abin.

Na dafe ƙirji na ce, "Likita, Allah ya sani, accar nan sai na rege ta tas nake dafawa!"

Ya yi dariya, ya ce ba ta tukunya ba ce, a jiki take haɗuwa.

Da Baba ya ɗan samu sauƙi ya ce, "Maman Bulus, an ce kin taya ni azumi. Allah ya karɓi naki. Ni dai ƙishi na sha, ina ta neman butata."

Na ce, "Baba, me ya sa ba ku faɗa ba?"

Ya ce, "Na ji kina kuka a kan kwano. In ƙara miki da me?"

Ya sha magani da ruwa mai yawa, tsakuwar ta fita, kwanona ya koma dawowa wayam.

Mai dafa abinci kan riga likita ganin ciwo, domin wurinta kwano ke dawowa. Dattawanmu kuwa ba sa cewa suna ciwo. In kwano ya dawo a cike, kada ku tsaya ɗanɗana miya, kada ku fara annabci. Ku ɗebi ruwa a kofi, ku je ku ce, "Baba, ina ke ciwo?"