Baffana Mai Fure

Baffana, ƙanen mahaifina, shekara talatin da ɗaya ya yi yana sayar da furanni a bakin titi. Mai Fure kowa ke ce masa, har matarsa idan ta so tsokana. Filin nasa ɗan siriri ne, tsakanin katangar wani kamfanin katifa da kwalbati, bai fi taku arba'in ba. A nan ya jera shuke-shukensa cikin baƙaƙen ledoji da gwangwanayen fenti, manya a baya, ƙanana a gaba, kamar 'yan makaranta za a ɗauke su hoto.

Bai yi nisa a boko ba. Yana saurayi ya yi aikin lambu a gidan wani likita, a can ya koyi dashe da askin shuke-shuke da yadda ake aura reshen wannan a jikin wancan. Da likitan zai bar gari ya ba shi almakashi da butar ban ruwa, da su ya fara. Da kuɗin fure ya yi aure, ya gina ɗaki biyu, ya sa 'ya'ya huɗu a makaranta. Mutum zai zo sayen tukunya ɗaya, Baffa ya tsare shi da tambaya: ina tagarka take kallo? Wa zai riƙa ba shi ruwa? In amsar ba ta gamshe shi ba sai ya ce, "Wannan ba zai zauna da kai ba. Ɗauki wancan, ya fi haƙuri." Inna, matarsa, takan ce ko mijin 'yarsu bai sha binciken da masu sayen fure ke sha ba.

Shekarar da na gama karatu na samu aikin wucin gadi na ƙidayar sana'o'i. Aka ba mu takarda mai gidaje: noma, masana'antu, sufuri, lafiya, sai ciniki da aka raba biyu, kayan masarufi da kayan da ba dole ba. Titin Baffa ya faɗo a rabona. Ya share mini benci da hularsa, ya zauna yana leƙen takardar.

"Rubuta noma," in ji shi.

"Baffa, noma na abin da ake ci ne. Kai an ce a sa ka nan."

"Me aka rubuta a nan ɗin?"

Na karanta masa. Ya dubi hannayensa da suka tsattsage.

"Ba dole ba? Ni da su wa aka haɗa?"

"Masu turare, da masu kayan wasan yara, da masu labule."

Sai ya yi dariya. "To, ba laifi. Aƙalla maƙwabtana masu ƙamshi ne." Amma da zan tafi bai yi mini rakiya zuwa bakin kwalbati ba kamar yadda ya saba.

A aji an koya mana cewa idan rayuwa ta yi tsanani, wannan gidan na kayan da ba dole ba shi ne mutane ke fara juya wa baya. Na rubuta haka a jarrabawa, na ci maki. Ban san a kan Baffa zan gan shi ba. Shekara biyu bayan ƙidayar komai ya yi tsada. Motocin da kan tsaya ranar Asabar suka ragu, suka ɗauke. Otal ɗin da yake yi wa askin shuke-shuke ya sallame shi, suka sayo na roba. Mai turare in ya rasa ciniki sai ya rufe kwalabensa ya jira. Kayan Baffa kuwa kullum sai sun sha ruwa, ruwan kuma saya ake yi.

Da farko ya rage wa kansa abincin rana. Daga baya ya koma zaɓe: yau wannan layin zai sha, gobe wancan. Inna ta ce mini in ya dawo gida sai ya zauna a tabarma yana murza gwiwa.

Wata safiya ya ari baro, ya loda waɗanda suka fi soyuwa gare shi, ya shiga bin gidajen tsofaffin masu sayensa, kyauta zai ba su. Ni na raka shi. Gida na farko maigadi ya ce masu gidan sun tashi. A na biyu wata dattijuwa ta fito, ta daɗe tana kallon wani fure ja mai ƙaya, har ta shafa ganyensa.

"Malam, ka yi haƙuri," ta ce. "Ruwan da muke saya ko wanki ba ya isa. In na karɓa, kashe maka shi zan yi."

Baffa ya ce, "Gaskiya ne, Allah ya saka." Gida tara muka shiga, tukunya biyu aka karɓa. A hanyar dawowa baron ya yi masa nauyi, na ce ya kawo in tura, ya ƙi.

Babban ɗansa, wanda ke tuƙin mota, shi ya kawo shawarar a koma renon tumatir da tattasai da albasa, don yanzu kowa na son shuka abin miya a bayan ɗaki. Baffa bai yi musu ba. Ya ce kawai a bari ya tafi gida kafin a fara zazzage ledojin. Shawarar ta yi kyau, cinikin ya tashi, gidan ya samu na cefane. Shi dai zuwansa filin ya koma jefi-jefi. In ya zo yakan nuna wa ɗan yadda ake tazarar iri, ya gyara masa rumfa, ya tafi tun rana ba ta yi zafi ba.

Bara ciwon ƙirji ya kwantar da shi, kwana goma sha ɗaya ya yi a asibiti ya cika. Ranar da aka kai shi makwancinsa, mutane da yawa da ba mu sani ba suka zo gaisuwa. Wani mai farin gashi ya riƙe hannun Inna ya ce itacen da ke yi wa ƙofar gidansa inuwa, a gwangwani ya saye shi wurin marigayi, lokacin bai kai tsawon cokali ba. Inna ta tambaye shi wane iri ne. Ya ce wallahi bai taɓa sanin sunansa ba.