Almustafa, Mutumin da Ya Raba Biba da 'Ya'yanta

Da Malam Almustafa ya sallame asuba sai ya nufi rumfar maruƙa, a wata gonar shanu da ke kudu da Riyad. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga leɓen kowanne ya duba dasashi, ya shafa bayan kunne, yana yi musu magana da Hausar Tasawa kamar da ita aka haife su. Shayinsa kuwa kullum a kan katanga yake hucewa. Ran Juma'a kaɗai muke ganinsa a unguwar Manfuha, wajen cin tuwo a ɗakin Saidou direban motar madara. Ko nan ma ba ya bari a gama hira. Mu ce zauna mana, ya ce yara suna jira. Yaran nan masu ƙafa huɗu ne.

A ƙarshen watan nan zai koma gida gaba ɗaya, gwiwa ta ƙi. Shi ya sa na ce ba zai tafi shiru ba, ko da zai ji haushina.

Almustafa cikin shanu ya tashi. Abin da ya gada wajen mahaifinsa shi ne, dakashi, wato nonon farko mai kauri da saniya ke kawowa bayan haihuwa, haƙƙin ɗanta ne, hana shi zalunci ne. Don haka duk maraƙin da aka haifa a hannunsa sai ya sha na uwarsa ya ƙoshi. In ya kasa kama hantsa, Almustafa ya tatsa ya ɗura masa.

Sai ga wata shekara mai wuyar mantawa. Kafil, wato mai gonar, ya sayo garken karsana daga ƙasar waje. Cikinsu akwai wata mai farin goshi da son jiki, Almustafa ya raɗa mata Biba, sunan yayarsa, wai tafiyarsu ɗaya. Daga tafin hannunsa take cin dusa. Ta haifi maraƙi lafiyayye, bai yi sati biyu ba jini ya fara tsattsafo masa ta inda aka huda kunne, ta inda ƙuda ya ciza, har ta fatar da ba ta da rauni. Dasashi ya yi fari fat, ya mutu. Haihuwa ta biyu ma haka, kuma ba ita kaɗai ba cikin baƙin shanun.

Likitan gonar, wani Basudane mai haƙuri, ya aika jini da ɓargo aka auna. Saidou yana wurin ranar da ya kira Almustafa gefe.

"Ya Hajji, ciwon a cikin dakashin yake," in ji likita. "Akwai allurar rigakafin da aka yi musu can inda aka sayo su. Ta sa jikin uwa ya haɗa abin faɗa, shi ke bin nonon farko ya shiga jikin ɗan ya cinye ɓargonsa. In ɓargo ya mutu, babu inda sabon jini zai fito, kuma wanda ke akwai ba ya daskarewa."

"Wanda ya fi sha fa?" in ji Almustafa.

"Shi ya fi shiga haɗari."

Almustafa ya dubi hannayensa. Saidou ya ce ranar ko ruwa bai ga ya kai baki ba.

Kafil ya yanke magana: in ɗan Biba na uku ya mutu, mayanka za ta. Likita ya ce hanya ɗaya ce, kada maraƙin ya ɗanɗana ko ɗigo na uwarsa, a ba shi dakashin wata tsohuwar saniyar gida da ba ta san allurar ba. Faɗa da baki ba wuya. Amma wa Biba za ta bari ya matso kusa da ita tana naƙuda? Mutum ɗaya ne.

Da azahar ta haihu, rana tana dukan kwano. Mace ce. Biba ta miƙe ta fara lasarta, 'yar ta yunƙura tana laluben hantsa. Almustafa ya shiga yana kiran sunan Biba a hankali, ta saki jiki don ta san muryar. Ya sunkuya ya sungumi maraƙar ya fita, aka ja ƙofa. Saidou ya ce masa, "Baba, kukan nan fa zai tsaga zuciya." Ya ce, "Bar ta ta yi. Gara ta yi kuka a nan da ta yi shi a mayanka."

Maraƙar ta rayu. Waɗanda Biba ta haifa bayanta ma sun rayu, da na sauran baƙin shanun, duk ta wannan hanyar, duk a kafaɗarsa. Jikokinsu ne suka cika rumfar yau.

Malam Almustafa, kai ne ka ajiye abin da mahaifinka ya koya maka ranar da ka ga yana kisa, ba ka tsaya kare kanka ba. Da yawanmu da sai mu ce likita bai san shanu ba. Ni dai na san da na faɗa.

Abin da ba ya son a taɓo shi ne, tun daga ranar Biba ba ta sake cin dusa a hannunsa ba. Ta yi shekaru a gonar har tsufa ya kwantar da ita. In wani ya zo ta tsaya, in shi ne ta juya masa baya. Kullum da safe sai ya miƙa mata hannu, kullum ta ƙi. Na taɓa tambayarsa ko abin yana masa ciwo. Ya ce, "Sosai. Amma tana da gaskiya, ni ta gani ina ɗauke su."

Mun gode, Baba. Allah ya kai ka Tasawa lafiya, ya sa ka tarar da naka cikin alheri. Ku kuma da kuka rage a wannan aiki, in ranar ta zo da ceton abin da kuke so zai sa ya ƙi ku har ya mutu, ku shiga ku ɗauko maraƙin.