Madam Lauratu, Wadda Ta Sasanta Agogon Djougou da na Parakou

Kafin 'yan dako su gama shan kokonsu a bakin Gare, wato tasha, Madam Lauratu ta riga ta kafe babur ɗinta a gindin mangwaron ofis. Daga Zongo take fitowa, hular kwano bisa mayafi, jaka a gaba. Ta gaida duk wanda ta tarar, ta tambayi lafiyar gida, sannan ta wuce ɗan ɗakin nan na ƙarshen baranda, ɗaki ɗaya tilo a kamfaninmu da ake kunna wa na'urar sanyi ko da direkta kansa yana sharce gumi. Ta cire takalmi a ƙofa, ta zauna gaban baƙin allo, ta buga 'yan kalmomi, ta karanta amsa. In ta gyaɗa kai, to ranar za a yi aiki. Shekara ashirin da wani abu ke nan haka take yi, kuma ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

Kamfaninmu na 'yan uwa ne, jikokin fataken goro, yanzu kaju da kaɗanya muke saye muna lodawa zuwa Cotonou. Babban ofis yana Parakou, reshe yana Djougou. Ni aikina rubuta wasiƙu, shi ya sa aka ɗora mini wannan rubutun na ban kwana.

In ka tambayi yawancinmu mene ne aikin Madam Lauratu, za a ce maka gyaran kwamfuta. Ni ma haka na ɗauka shekaru, sai ranar da ta zaunar da ni. A cikin uwar na'urar da ke ɗakin sanyi akwai wani shiri da ba ya fitowa a allo, ba shi da hoto, ba a danna shi. Da an kunna na'ura yake tashi, ya tsaya a bayan fage. Duk wanda ya rubuta sunansa da kalmar sirrinsa, a Parakou ko a Djougou, wannan shirin ne ke karɓa, ya je ya tambayi rumbun sunayen ma'aikata, ya dawo ya ce a buɗe ko kar a buɗe. Ita tana ce masa sabis, mu muna ce masa maigadin Madam. Ita ce ta tsara masa dokokinsa: wa zai tambaya, wa zai bari ya shiga ina, kuskure nawa zai yafe kafin ya rufe ƙofa. Ita ke tsayar da shi, ita ke tayar da shi, ita ke duba ko ya kwana lafiya.

Wannan dokar ta kuskure na san ta ciki da waje. Duk hutun salla sai na dawo da kai fayau. In na leƙa ɗakinta ina sosa ƙeya, ba ta ko ɗago kai.

"Malam, har ka dawo? Sunan akuyarka muka sa wancan karon."

"An yanka ta, Madam."

"Allah ya ji ƙanta. Zauna mu nemo wata."

Ba ta taɓa kai maganar gaba ba. Ni ne yau na kai.

Mutanen Djougou kuwa suna tuna daminar da masu gyaran hanya suka tsinke waya, rezo, wato layin sadarwa, ya ɗauke kwana da kwanaki. Kowa ya zaci ofis ya mutu. Ashe tun tuni ta kafa wa reshe nasa ƙaramin maigadi, ta koya masa ya riƙe fuskokin waɗanda ya saba gani, in ya kasa jin Parakou ya buɗe musu da abin da ya tuna. Aka ci gaba da awo, ba wanda ya gode mata, don ba wanda ya san an yi wani abu.

Amma abin da ya sa na karɓi alƙalamin nan shi ne maganar Hamida.

A bara aka kai wa reshen Djougou akwatinsa na kansa, ƙaramar na'ura mai magana da uwar ta Parakou. A watan ne kuma aka ɗauki Hamida sakatariya, aikinta na fari tun da ta gama makaranta. Mijinta direba ne, ya yi hatsari, yana kwance da karayar cinya, gidan gaba ɗaya a kanta yake. Ba a jima ba sai matsala ta ɓullo. Duk safiyar Juma'a, kwamfutocin Djougou su ƙi kowa. Suna daidai, kalmar sirri daidai, ƙofa a rufe. Takardar lodi ba ta fita, manyan motoci na tsaye a rana da kaya, direbobi na zage-zage cikin harsuna huɗu. Kafin a kira Parakou a gyara, an tafi masallaci, rabin yini ya tafi.

Madam Lauratu ta ga dalilin tun Juma'ar farko. Maigadin nata ba suna kaɗai yake dubawa ba, yana duba lokaci. In agogon mai ƙwanƙwasawa ya saɓa da na Parakou fiye da minti biyar, ba ya buɗewa, don kar wani ya saci izinin da aka ba wani ɗazu ya dawo da shi. Agogon akwatin Djougou kuwa minti ashirin yake gaba. Ta daidaita shi daga inda take zaune, ta tayar da sabis, aiki ya dawo. Ta aika da sabon batir aka sa wa akwatin. Juma'a ta zagayo, aka koma gidan jiya.

Direkta, Alhaji Zulkifli, mutum ne mai kirki amma ba ya son abu ya maimaita kansa. Ya kira ta ofis, ina zaune ina jiran sa hannu.

"Madam, ki ce wa abin nan naki ya daina duba agogo mana."

"Zan iya, Alhaji. Amma ranar da wani ya shiga da sunanka ya fitar da mota uku, kar a neme ni."

"To yarinyar nan ce. Kafin ta zo ba mu san wannan ba. Tana taɓa abin da ba ta sani ba. Malam, rubuta mata takardar sallama, ƙarshen wata."

Ni da ba na musu da mai sa hannu, har na zaro biro. Madam Lauratu ta dubi biron, ta dube ni, na mayar da shi aljihu.

"Alhaji, ba ni Juma'a ɗaya," in ji ta. "Batirin da ya mutu baya yake jan agogo, ba ya tura shi gaba. Kuma ban taɓa ganin batirin da ya san ranar Juma'a ba."

Ranar Alhamis ta hau motar haya zuwa Djougou, ta kwana gidan ƙanwar mahaifiyarta. Da safe ta riga kowa zuwa, ta ja kujera kusa da akwatin, ta zauna kamar mai jiran a ba ta saƙo. Hamida ta shigo, ido a kumbure, ta durƙusa ta gaishe ta.

"Tanti, an ce kin zo da takardata."

"Da gyaɗa na zo. Ungo, ci."

Can sai ga shugaban reshe, Alhaji Labaran, yayan direkta uwa ɗaya uba ɗaya, dattijon da ya yi shekara arba'in yana sallamar motoci. Farar riga ta Juma'a, ƙamshin turare na biye da shi. Ya yi murna da ganinta.

"Injiniya! Yau Parakou ta tuna da mu? Bari in gama zagayena."

Ya sa aka sauko da agogon bango, ya tura dogon hannun gaba. Ya shiga magaza, ɗakin ajiyar kaya, ya yi wa na can haka. Ya murɗa na hannunsa. Sannan ya zo gaban akwatin, ya gyara tabarau, ya buga babbar kalmar sirri da yatsa ɗaya. Ranar da aka kawo akwatin ya ce makullin kowane ɗaki a gidan nan hannun babba yake zama, kuma ba wanda ya iya ce masa na na'ura daban ne. Ya shiga wurin lokaci, ya ƙara minti ashirin, ya juyo yana murmushi.

"Kin gani? Akwatin nan naki kullum baya yake komawa. Ni nake gyara miki duk mako, ban taɓa faɗa ba don kar a ce na kai ƙararki."

Al'adar gidansu ce tun zamanin mahaifinsu. Ranar Juma'a kowane agogo a tura shi gaba, don kada wani ya tarar liman ya hau mumbari. Duk Djougou an san agogon gidan, har maƙwabta ke cewa lokacin Alhaji.

Madam Lauratu ta dubi Hamida. Hamida ta sunkuyar da kai. Daga baya ta ce mata, "Tanti, na yi zargi. Amma da wane baki zan ce Baba ne?"

A nan ne nake so mai karatu ya tsaya. Tana iya ɗaga waya ta gaya wa direkta, a tsirar da Hamida, a bar dattijo da kunya a gaban ƙanensa. Tana iya canja babbar kalmar a ɓoye, Alhaji ya zo mako mai zuwa ya tarar an ƙwace masa makulli a gidan ubansa. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta bari aka watse, ta zauna a tabarma ƙasa da kujerarsa.

"Baba, da kuna sallamar mota da takarda, in direba ya kawo wa ɗan kanti takardar da lokacinta bai yi ba tukuna, zai ba shi kaya?"

"Ɗan kantin da ya ba shi ya bar aiki."

"To maigadina ke nan. In kun tura agogon akwatin, duk takardar da ta fito daga Djougou sai ya ga lokacinta bai zo ba, ya ƙi."

Alhaji ya juya carbi a hannunsa.

"Motocin da ke tsayawa ranar Juma'a…"

"Su ne, Baba. Kuma an ce a sallami Hamida a kai."

Ya cire tabarau ya ajiye. Ya laluba aljihu ya fiddo waya, ya kira Parakou. Ina ofishin direkta lokacin, na ji muryar tana fitowa har inda nake.

"Zulkifli. Yarinyar nan ba ta taɓa komai ba, ni ne. Kuma kai da za ka kori mutum, ba ka iya hawa mota ka zo ka gani?"

"To, Yaya. Haka ne, Yaya. Allah ya huci zuciyarka, Yaya."

Direkta ya ajiye waya ya dube ni. Na duƙufa ina karanta wata wasiƙar da ni na rubuta ta.

Saura maganar sallar Juma'a. Alhaji Labaran ya ce ya ji, ya yarda, amma ba zai zauna a ofishin da allo ke nuna lokacin da zai sa mutane su makara salla ba. Madam ta nemi ya ba ta zuwa la'asar. Abin da ta yi, kamar yadda ta bayyana mini har sau uku: na'ura tana da agogon ciki, wanda maigadi ke dubawa, tana kuma da na fuska, wanda mutane ke gani. Tsakaninsu akwai lissafin yanki, shi ya sa Lomé da Cotonou ke saɓawa da awa guda ba tare da an yi faɗa ba. Sai ta ƙirƙira wa reshen Djougou yankinsa na kansa, minti ashirin gaba da sauran Benin. Agogon ciki ya tsaya kan gaskiya, allo ya nuna lokacin Alhaji. Ta nuna masa komai, ba ta ɓoye ba.

"Wato yanzu ba sai na gyara ba?"

"Ba sai kun gyara ba, Baba. Makullinku na nan a hannunku."

"To bar shi haka kullum, ba Juma'a kaɗai ba. Azahar ma ana makara."

Haka yake har yau. Illarsa ɗaya: takardar lodi tana nuna mota ta tashi daga Djougou a makare, ta iso Parakou da wuri, har direbobin reshen suka yi suna wajen gudu. Ba su musa ba.

Lauratu ta Zongo, mai buɗe ƙofa ba a ji ƙarar makulli ba. Ke ce kika san laifin agogo ne tun ranar farko, amma kika ƙi yarda a rufe maganar da sunan wadda ba ta da mai tsaya mata. Ke ce kika shiga motar haya da ciwon bayanki, kika je kika zauna kika duba da idonki. Kika gyara na'ura ba ki sassauta mata doka ba, kika faɗa wa dattijo gaskiya ba ki sauke masa rawani ba. Mun gode. Allah ya ba ki hutu mai albarka, ya sa jikokin da za ki je reno su fi mu riƙe abin da aka gaya musu.

Ku kuma da ke riƙe da irin wannan aiki a ofisoshi da asibitoci da makarantu, da mu masu saurin zaro biro, mu yi koyi. In na'ura ta ƙi, akwai mutum a wani gefenta, a tashi a je a gan shi kafin a yanke hukunci.

Da zan rufe wannan rubutu na kira Djougou, na tambayi Hamida me zan faɗa a madadinta. Ta ce, "Tonton, ka ce wa Tanti maigidana ya ajiye sanda. Shi ya kawo ni ofis yau."