Zuwa Doha Saboda Shafi Ɗaya

Kano

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba na bar gida a Gwale. Ni malamin lissafi ne a sakandare, kundin digirina na biyu kuma ya maƙale a kan wani tsohon Bagirike da ya koyar a Iskandariyya, wanda ya tsara ilimin layi da kusurwa fiye da shekara dubu biyu da suka wuce. Larabawa sun fassara littafinsa, an ce akwai kwafin hannu a Doha. Malamina ya ce sai na ga shafin da idona. Babur ɗina ya tafi a kuɗin jirgi.

Fereej Abdel Aziz

Sani, ɗan kawuna mai tuƙin tasi, ya ɗauko ni daga filin jirgin Doha zuwa unguwarsu bayan la'asar. Su shida ne a ɗaki, na zama na bakwai. Muka ci shinkafa da kaza, muka kora da shayin riyal ɗaya.

Sani ya ce, "Yaya, mutumin nan waliyyi ne?"

"Masanin lissafi ne. Ko kabarinsa ba a sani ba."

"Kuma ka zo ziyara. Yalla, Allah ya karɓa."

Ɗakin karatu

Washegari ƙarfe takwas, tafiyar minti ashirin da biyar. Mai gadin ƙofa Basakkwace ne, Bello. Da na yi masa bayani ya riƙe baki.

"Malam, ashe shi ne! Kusurwoyinsa suka kayar da ni jarrabawa sau biyu. Ga ni nan ina gadin littafinsa."

Ma'aikaciyar ciki ta saurare ni da ladabi. Ta ce littafin yana wajen gyara sai bayan wata biyu, amma ai an daɗe da sa hotunansa a intanet, kyauta. Ta buɗe mini a wayata. Na zauna a sanyin na'ura ina duba shafin da zan iya dubawa a kan tabarmata.

Gida

Ranar Juma'a bayan azahar na shiga Gwale a adaidaita. Na gode wa Allah, na gode wa Sani. Bello kuwa har yanzu yana turo mini aikin lissafin da ake ba 'yarsa a makaranta, wai kada Bagiriken ya kayar da mutum biyu a gida ɗaya.