Layin da Na Goge a Gaban Tsohuwar Baudeta

Shekara talatin da ɗoriya ina rubuta wa mutane takardu a bakin kasuwar Tasawa, kuma ba yabon kai ba, babu wanda ya taɓa jin sirrin wani daga bakina. Da mashin ɗin bugu na fara, mai ƙarar nan da ake sa wa karbon. Kullum kafin in rufe rumfa sai na tattara karbon ɗin yinin na ƙone shi, don duk wanda ya ɗaga shi a rana zai karanta abin da aka buga. Abokan sana'a suna mani dariya, wai ina ƙona kaya da sauran amfaninsa. Nakan ce masu kowa ya ji da rumfarsa.

Da ordinatar, wato kwamfuta, ta zo hannuna, na yi murna kamar an yi mani haihuwa. Ba karbon, ba ƙone-ƙone. Ka danna madanni ɗaya, kalma ta ɓace, gilashi ya koma fari tas. Na ɗauka wahalata ta ƙare.

Ina da yadda nake aiki, kuma shi ya sa tsofaffi ke wuce rumfuna uku su zo tawa. In mutum ya zo da wasiƙa a cikinsa, ba na katse shi. Duk abin da ya faɗa ina bugawa, da zagin da kukan da gorin, har ya amayar da abin da ya cika mashi ciki. Sannan in karanta mashi da muryata, a hankali. Wanda ya ji maganarsa ta fito daga bakin wani, jikinsa yakan yi sanyi. Shi da kansa zai ce a cire nan, a sassauta can. Rabin abin da na buga a rayuwata bai taɓa hawa takarda ba.

Wata ranar kasuwa, bayan an gama girbin gero, wata tsohuwa ta zo daga Baudeta. Gajera ce, siririya, da sanda a hannu amma ba ta dogara ta, riƙe ta kawai take yi. Ɗanta ɗaya namiji ya tafi Tamanrasat shekara uku, lambar salularsa ta daina shiga, ba saƙo ba sallahu. Ta sami wani ɗan garinsu da zai tafi can, tana son ya riƙe mata takarda.

Ta fara da gaisuwa, ta faɗi labarin gona, ta faɗi rumbun da ya rushe da damina babu mai gyarawa. Tana magana muryarta na hawa. Ta tuna mashi goyo, ta tuna mashi ranar da aka binne mahaifinsa ba ya nan. Can sai ta buga sandar a ƙasa ta ce, "Rubuta mashi, Allah ya isa tsakanina da shi. Nonon da ya sha ban yafe ba."

Yatsuna sun saba, sun buga kafin zuciyata ta ce a'a. Da na zo karanta mata, ina kaiwa wannan layin sai ta miƙe zumbur, sandar ta faɗi.

"Innalillahi! Ni na faɗi haka? Malam, goge! Goge shi maza!"

Kowa a ƙasarmu ya san nauyin bakin uwa. Na danna madannin gogewa tana kallo, haruffan suna ja da baya ɗaya bayan ɗaya har layin ya ƙare. Ta matso, ta sa gefen mayafinta ta share gilashin. Sannan ta duƙa ta leƙa ƙarƙashin tebur.

"Ina ruwan?"

"Wane ruwa, Inna?"

"Ruwan wankin. In malam ya wanke allo, ai a ƙwarya ake tarar rubutun, ba a zubar da shi inda ƙafa ke takawa. Kai da ka wanke naka, ina ya zuba?"

Allah ya yafe mani, dariya na yi. Na ce mata wannan allon Nasara ne, ba shi da ruwa, abin da aka goge ya tafi ke nan. Ta ce ya tafi ina. Na ce babu inda ya tafi, babu shi ne kawai. Ta daɗe tana dubana, irin duban da ake yi wa yaro mai ƙarya, sannan ta ce in rantse. Na rantse mata da Allah, da zuciya ɗaya. Muka rubuta wasiƙa mai sanyi, ta ninke ta ta ƙulle a bakin zane ta tafi.

Wata huɗu bayan haka, wani mushen lakwal, malamin makarantar boko, da ke zuwa duba saƙonninsa a ordinatar ɗina ya shigo ransa ɓace. Wai an shiga akwatin saƙonsa an canja lambar sirri, shi da kansa ya kasa shiga. Na ce mashi ya je ya tambayi ƴaƴansa. Kwana biyu sai ga wata ma'aikaciya da irin wannan kuka, ita ma wurina take zuwa. Nan fa raina ya ɓaci, na yi faɗa, na ce duk mai zargina ya fito fili ya faɗa. Amma da na zauna ni kaɗai, na ga mutum biyu a inji ɗaya ba banza ba.

Na kira ƙanwata, autarmu, wadda ta karanci aikin ordinatar a Yamai, tana aiki a Maraɗi. Ni na goya ta, amma tun da ta yi wannan karatun take mani magana kamar likita. Ta zo da hantsi, ko ruwa ba ta sha ba ta cire wayar intanet, ta zauna tana ƙwaƙule-ƙwaƙulenta.

"Yaya, wa ya sa maka lojisiyel ɗin nan, manhajar yin katin biki?"

Na ce wani baƙo ne mai gyara da ya ratso ta garin bara, ya zuba mani daga kile ɗinsa, ɗan ma'ajin nan da ake sokawa a jikin inji, kyauta.

"Kyauta," in ji ta, ta gyaɗa kai. "To, da ɗan rakiya ya zo."

Ta yi mani bayani. Wani ɗan ƙaramin abu ne ya ɓoye a bayan lojisiyel ɗin, ba ya fitowa a gilashi, ba ya ƙara. Aikinsa ɗaya tak: duk madannin da yatsa ya taɓa, ya rubuta ya ajiye. In an haɗa intanet, sai ya tattara ya aika wa mai shi, wanda ba mu san ko wane ne ba, ba mu san ƙasar da yake ba. Lambobin sirri yake farauta, amma ba ya zaɓe, komai kwashewa yake. Ta ce watakila shi baƙon ma bai san yana ɗauke da shi ba.

Sai ta buɗe mani ma'ajiyarsa.

Jama'a, na ga abubuwa a duniya, amma ban taɓa ganin irin wannan ba. Shekara guda cur ta yatsuna ce a shimfiɗe. Ga ranar, ga sa'ar, har minti. Ga inda na buga harafi ba daidai ba na koma na gyara. Ga wata safiya da na rubuta sunan marigayiya matata sau uku ba dalili na share, abin da ni kaina na manta na yi. Duk inda na goge, ya sa wata ƴar alama, ya ƙirga sau nawa na danna, amma abin da na goge ɗin yana nan daram a gabanta. Tun muna yara ake faɗa mana akwai masu rubuta duk abin da mutum ya yi, muna cewa mun yi imani, muna wucewa. Sai ga shi ɗan Adam, da ƙarfe da waya, ya ƙera abin da ba ya mantuwa, ba ya gajiya, ba ya jin kunyar kowa. Na ce, to ina ga na Ubangiji? Na kama baki ina ta maimaita subhanallahi.

Can wani abu ya faɗo mani. Na ce wa ƙanwata ta koma baya, zuwa bayan girbi. Ta yi ta ja har muka iso. Ga shi nan, harafi bai ɓace ba: Allah ya isa tsakanina da kai, nonon da ka sha ban yafe ba. A bayansa alamar gogewa jere reras.

"Wannan ma ya tafi?" na tambaye ta.

"Tun ranar, Yaya. Ana haɗa intanet ya tafi."

Ashe akwai ƙwarya. Tsohuwa da ba ta taɓa shiga lakwal ba ta leƙa ƙarƙashin tebur tana nemanta, ni mai shekara talatin a sana'a na yi mata dariya, har na rantse da Allah a kan abin da ban sani ba.

Ƙanwata ta ce za ta wanke injin gaba ɗaya, a zuba komai sabo, kuma in sanar da duk wanda ya taɓa buga lambar sirrinsa a nan ya canja. Na ce na ji, zan bi su ɗaya ɗaya, amma wankin ta dakata sai gobe. Ta ce don me. Na ce akwai mai kaya a ciki.

Na hau kabu-kabu zuwa Baudeta, ina tambaya har aka nuna mani gidan. Na same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, ta rame fiye da yadda na san ta. Bayan gaisuwa na durƙusa na faɗa mata komai, ban rage ba. Na shirya ta zage ni, wallahi da ta zage ni da na fi jin sauƙi. Ba ta yi ba. Ta ajiye gyaɗar ta ce, "Shi ya sa."

Wai wanda ya kai takardar ya dawo, bai sami yaron ba, an ce ya yi gaba, babu wanda ya san inda ya nufa. Tun lokacin abinci ba ya mata daɗi. "Na san maganar nan tana wani wuri a rubuce, tana aiki a kansa. Jikina ya ba ni."

Na fara cewa ai Allah ya san ta janye, ta ɗaga mani hannu.

"Hanyar da ta bi ta tafi, tana nan buɗe?"

"Tana nan, Inna, sai gobe za a toshe."

"To, kada a toshe sai na zo."

Washegari da sassafe ta riga ni isa rumfa. Da ƙanwata ta ji abin da ake so, ta ja ni gefe ta ce, "Yaya, kana cikin hankalinka? Mu sake buɗe wa ɓarawo ƙofa da hannunmu?" Na ce babu lambar kowa da za a buga, magana ce ta uwa da ɗanta. Ta dubi tsohuwar, wadda ta zauna ta miƙe baya tana jira. Da hannunta ta mayar da wayar intanet ɗin.

Tsohuwar ta gyara mayafi ta ce in rubuta. "Ɗana, na yafe maka duniya da lahira. Nonon da ka sha halal ne, na yafe. Abin da na faɗa da fushi na janye shi. Allah ya yi maka albarka, ya tsare gabanka da bayanka, ya dawo mani da kai ina da rai." Ta sa na buga sau uku. Na yi kuskure a wani harafi na kai yatsa zan goge, ta riƙe mani hannu ta ce a nan ba a sake goge komai.

Sannan ta matso da fuskarta kusa da gilashin, ta ɗaga murya kamar mai magana da na bayan danga.

"Kai kuma mai laɓe, ko wane ne kai, ka ji ta farko, to ga ta biyu. Ka haɗa su wuri guda, ta biyun a sama. Kai ne shaidata ranar gobe. Malam, rubuta mashi haka."

Na rubuta. Ƙanwata, mai magana kamar likita, ta juya baya tana share ido da gefen gyale. Ta dawo ta zauna tana duban wasu lambobi da ke motsi a gilashi, mu kuma muna dubanta. Kasuwa ta fara cika, ana ta sauke buhuna a bakin hanya. Can ta ce, "Ya aika."

"Ya tafi?" in ji tsohuwar, ni take tambaya.

"Ya tafi, Inna."

"Inda waccan ta tafi?"

Na buɗe baki zan rantse, sai na tuna. Na dubi ƙanwata, ta ce hanya ɗaya ce, wuri ɗaya suke sauka. Na ce, "Kin ji, Inna. Wadda ta sani ta ce can ya tafi."

Ta sauke numfashi mai tsawo. Ta ɗauki sandarta ta miƙe, ta tsaya tana duban rubutun da ba ta iya karantawa, layi uku da ɗan ƙari. Ƙanwata ta kai hannu za ta fara wankin, tsohuwar ta ce ta ɗan dakata tukuna, a bar shi ya yi nisa.

Muka zauna mu uku muna jira. Da ta ga ya isa, ta ce in aika a sayo mata fura, yunwa take ji.