Bitrin ɗin Inna da Motocin Baba

Wata Asabar ce ta bazara, a tsakiyar shekarun 2000, ina 'yar shekara goma, muka tsaya a bakin wani filin tsere a bayan garin Lyon muna kallon Baba yana kokawa da zif ɗin rigar tsere. Rigar ta haya ce, kuma an ɗinka ta ne don mutumin da bai taɓa cin tuwon Inna ba, shi ya sa zif ya zo daidai cibiya ya ƙi gaba ya ƙi baya. Kawu Lawali, yayan Inna, yana ja ta sama, Malam Isufu, abokin Baba, yana danna tumbin ta ƙasa, Baba kuwa ya riƙe numfashi har idanunsa sun yi ja. Inna tana zaune a kan kular abinci tana kallonsu da murmushin wadda ta riga ta san yadda za a ƙare. Mu ba kofi muka je nema ba. Kabad ɗin gilashin falonmu, wanda muke kira bitrin, a kansa ake wannan fama: in ƙungiyar su Baba ta sake zuwa ta ƙarshe, 'yan ƙananan motocinsa za su fita daga ciki.

A lokacin muna zaune a wani dogon bene na Minguettes, a Vénissieux, gefen Lyon. Baba mutumin Maradi ne, yana tuƙa motar ɗaga kaya a wani sito. Inna ce ta sayi bitrin ɗin da gumin kitso, don ta jera samiru da kwanukan da aka yi mata jere da su, waɗanda ta yi ta kawowa daga gida kaɗan-kaɗan a jakar duk wanda tsautsayi ya sa ya ce zai zo Faransa. Ana zaune lafiya, sai wata Lahadi Baba ya dawo daga kasuwar tsofaffin kaya da 'yar mota da ba ta fi yatsa tsawo ba, irin wadda mahaifinsa ya yi haya da ita tsakanin Maradi da Damagaram. Ya roƙi aron kusurwa ɗaya, Inna ta ba shi. Mota ta haifi mota. Kafin in shiga lakwal, wato makarantar boko, motocin tsere masu lamba a ƙofa sun cinye hawa uku na bitrin, samirun Inna sun koma saman firji da ƙarƙashin gado kamar 'yan gudun hijira.

Goge motocin shi ne aikina na kowace Asabar, bayan shara da sauke bola. Da buroshin fenti mai laushi nake yi, Baba yana tsaye a kaina yana cewa, "A hankali, Nana, madubin nan ya girme ki." Wasa da su kuwa haramun ne. Ni da ƙannena sai dai mu yi tsere da silifa a kan darduma, muna yi musu kukan inji da baki har maƙwabciyar ƙasa ta bugo silin da sandar tsintsiya. Duk da haka ina son motocin nan. Na san wadda ƙofarta ke buɗewa, na san wadda aka manna wa taya da gam, kuma a filin lakwal na sha yi wa yara maza burga da su.

Daga son ƙananan ne Baba ya faɗa wa manya. Akwai tseren da ake yi na awa shida da wasu motoci marasa rufi, masu ja da ƙasa, da ake kira kartin. Kowace ƙungiya mota ɗaya take haya, direbobinta suna karɓar juna. Baba ya ja Malam Isufu, ɗalibin da ya zo karatun digiri na uku tun ina goye kuma har lokacin bai gama ba, sannan ya lallaɓi Kawu Lawali, wanda yake tuƙa tasi a Paris, yana shigo jirgin ƙasa daga Sevran, inda yake zaune, duk shekara musamman don wannan. Suka sa wa ƙungiyar suna Maradi-Minguettes, suka buga riguna. Tun da suka fara, babu shekarar da suka kuskure matsayi na ƙarshe. Mai filin har ya saba, yakan ajiye musu 'yar lambar ta'aziyya tun kafin a tashi.

Ba tuƙi ne ba su iya ba. Abin da ke kashe su shi ne wurin canjin direba. Sauran ƙungiyoyi, wannan ya yi tsalle ya fita, wancan ya faɗa ciki, mota ta tashi. Su Baba kuwa, Kawu zai shigo ya tsaya, ya cire safar hannu, Baba ya ɗan rusuna ya miƙa hannu biyu, domin yayan matarsa ne. "Sannu da aiki, Yaya. Ina gajiya?" "Babu gajiya. Ya zaman jira?" "Alhamdulillahi. Ya hanya, da kyau?" Sai a yi bayanin kwanar da ke da santsi, a yi addu'ar Allah ya tsare, ana yi motocin mutane suna wucewa fiu, fiu.

A shekarar da nake ba da labari, haƙurin Inna ya ƙare, domin Baba ya fara auna hawa na huɗu da ido. A gaban Kawu ta kafa wa Baba sharaɗi. "Malam, in kun wuce ko mutum ɗaya, na bar maka bitrin har abada. In kun zo na ƙarshe, ka kwashe min tarkacenka." Baba ya ce ya yarda, da muryar wanda ya yi nadama tun bai rufe baki ba. Ni hankalina ya fi nasa tashi, shi ya sa na buɗe baki na faɗi abin da kowa ya sani: a daina gaisuwar nan. Kawu ya kalle ni kamar na zagi kakarsa. "In fito mota, ƙanena shina tsaye, in wuce shi kamar icce? Wannan tarbiyyar lakwal ce!" Malam Isufu, da yake mai ilimi ne, shi ya samo mafita: a yi dukan gaisuwar yinin tun da safe, a ajiye.

Haka aka yi. Bayan an ci ƙarfin zif, su ukun suka tsaya a bakin fili suka gaisa gaisuwar canji na farko, suka sake ta canji na biyu, har ta ƙarshe, ana tambayar gajiyar da ba a riga an yi ba. Turawan da ke gefe sun ɗauka addu'a ce, wani har ya cire hula. Abin mamaki, dabarar ta yi aiki. Canji ya riƙa tafiya kamar na mutane, ko da yake na ga leɓen Kawu yana motsi cikin hular kwano. Da rana ta yi sanyi, allon fili ya nuna Maradi-Minguettes tana gaban wata ƙungiya ta masu gidan burodi. Ban taɓa ganin sunanmu da wani a ƙarƙashinsa ba. Na yi ta tsalle har takalmina ya fita.

Baba ne ya karɓi zangon ƙarshe. Saura kaɗan a tashi, sai direban masu burodi, wani dattijo mai jan fuska, ya kwashi santsi ya afka cikin tayoyin da aka jera a gefe. Aikin Baba kawai ya wuce. Muna kallo ya rage gudu, ya rage, ya tsaya cak. Ya sauko, ya taka har wurin dattijon, ya dafa kafaɗarsa. A nan ne na ji wata murya ta fasa filin: "Malam, wuce! Wuce mana! Mi kake yi? Lahiyarsa lau!" Inna ce, tana tsaye a kan kula, gyale ya zame, ta manta sarai cewa faɗuwarsa ita ce nasararta. Baba bai ji ba. Ya taimaka aka turo dattijon kan hanya, dattijo ya ɗaga hannu ya yi gaba, motar Baba kuwa ta mutu ta ƙi tashi. Kafin ma'aikata su tayar da ita, an kaɗa tuta.

A hanyar gida babu mai magana sai Kawu, wanda ya ce abin da Baba ya yi shi ne daidai, amma da shi ne da ya yi sannun daga cikin mota. Ni kuka nake yi, haushin Baba ya cika ni. Washegari da kansa ya naɗe motocin a jarida ya zuba a kwalayen takalma, Inna ta wanke samirunta ta jera. Ban ga ta yi murna ba, amma ba ta ce ya bari ba, shi ma bai roƙa ba. Daga ranar ta ce gogar bitrin ta fita daga aikina, kada wanda ya taɓa mata kwanuka.

Ƙungiyar ta ƙara 'yan shekaru tana riƙe da matsayinta, sannan gwiwar Kawu ta ƙi, Malam Isufu ya gama karatu ya koma Yamai. Baba ya rasu ina jami'a. Yanzu a Paris nake aiki, cikin mutanen da ko a lif ba sa duban juna, kuma nakan tuna mutumin da ya tsayar da mota ana tsakiyar tsere don ya ce sannu. Da na yi aure a ƙarshen shekarun 2010, Inna ta aiko min da samirun nan duka, kamar yadda aka yi mata. Na buɗe murfin ta farko, sai ga 'yar mota ja a ciki. Na buɗe ta biyu, ga wata. Kowace samira da motarta, tas, babu ƙura. Nan take na kira ta a waya.

"Babanki ne," in ji ta. "Wata bai cika ba ya soma ɓoye su ɗaya-ɗaya, shina zaton ban sani ba."

Na ce, "Inna, to wa yake goge su?"

Ta ce, "Ke ma da tambaya. Ki bi a hankali da madubin."

Ashe duk shekarun nan babu wanda ya bar wa wani bitrin, kuma babu wanda ya fita daga ciki.